Masarar da Goggo Baraka Ta Wanke

A Unguwar Mani, wani ɗan ƙauye a ƙasar Faskari da ba shi da nisa da Ruwan Godiya, an yi wata tsohuwa ana ce mata Goggo Baraka. Gajera ce siririya, ga saurin tafiya ga saurin baki. Idan ta ga ƙwayar dawa a ƙasa, ko tana tsakiyar faɗa da wani ne, sai ta duƙa ta tsince, ta hure ƙasar, ta ɗaure a bakin zane, sannan ta miƙe ta ɗora faɗan daga inda ta tsaya. Yara har zuba mata hatsi suke yi a hanya don su ga ta duƙa. Ita kuwa ta tsince tsaf, ta bi su da zagin da sai iyayensu sun jiyo daga cikin gida.

Sana'arta sussuka da sheƙa da surfe a gidajen masu hali. Mijinta ya rasu tun da sauran ƙarfinta, ta ƙi sake aure, ta dawo gidan yayanta. Da shi ma ya rasu, ta ci gaba da zama a hannun ɗansa Rabo da matarsa Mero. Duk gidan da ta yi wa aiki, ban da ɗan abin da za a sallame ta da shi, akwai abin da ba ta yafewa: tsakin da ya rage a faifai da sharar masussuka. Wannan take tarawa a wata tsohuwar randa a ƙuryar ɗakinta tun daga kaka, ba ta ci, ba ta ba kajin Mero, kuma duk wanda ya taɓa randar nan ya sayi rigima da kuɗinsa.

Na tsuntsayen tafki ne. Akwai wani babban tafki a gabas da ƙauyen, wanda da ruwa ya sauka yake cika ya malala cikin fadama. A lokacin ne dinya ke zuwa, babbar agwagwar dajin nan baƙa mai farin ƙirji, tare da kirinjijiya, ƙananan nan masu farar fuska da ke tashi garke guda suna fito.

Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Goggo ta yi ta haihuwa tana binnewa, babu wanda ya kai yaye, har mata suka fara janye 'ya'yansu idan ta shigo gidan suna. Da ta sami cikin ƙarshe, wani tsohon malami ya ce mata ta riƙa sadaka ga wanda bai san sunanta ba, ba zai yi mata godiya ba, ita ma ba za ta amfana da shi ba. Ta duba mabarata, ta ga suna godiya. Ta duba kaji, ta ga ƙarshensu tukunya. Sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi tafki. Aka haifi Hajaratu, ta yi yaye, ta yi wayo, ta girma. Malamai da yawa sun gaya wa Goggo cewa Allah ne ke rayawa, ta ce ta sani, ai ba jahila ba ce. Amma a can cikin ranta, numfashin yarinyar nan da ƙwaryar nan a ɗaure suke da igiya ɗaya, kuma babu malamin da ya iya kwance su.

Ba yadda ta ga dama take zubawa ba, tana da dokokinta, kuma ta fi alƙali tsanani a kansu. Ba ta kai musu ragowar tuwo, ta ce yana ɓata ruwa. Ba ta kai hatsin da ya yi fumfuna. Ba ta zubawa kusa da hanya, inda masu danƙo da masu bindigar adaka za su same su a sauƙaƙe. Can bayan duhuwar ciyawa take zagayawa, ta watsa a bakin ruwa, ta juyo ba tare da ta tsaya kallo ba, don kada su saba da mutum. Kuma a farkon damina kawai take yi, lokacin da daji bai nuna ba. Da ciyawa ta yi 'ya'ya sai ta kife ƙwaryarta, ta ce yanzu Mai su ya buɗe musu rumbu. Mafarautan yankin sun tsane ta, don duk tsawon shekarun nan dinyar tafkin ba ta yarda mutum ya matso ta ba.

Sai zamani ya juya. Kuɗin mai suka shigo ƙasa, har ƙurarsu ta iso ƙauye. Aka fara fasa sabuwar hanya, tifofi na kai da kawo da marmara, samari suka ajiye hauya suka tafi lebura suka dawo da rediyo da agogo. Cikinsu har da Mamuda, mijin Hajaratu, wanda ya dawo da keke sabo fil yana kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya. A Gidan Zailani suke zaune shi da Hajaratu, wata 'yar unguwa da ke hayin tafkin. Yaro ne mai kunya. Idan ya zo gaida Goggo, daga bakin zaure yake tsugunawa, ita kuma ta amsa tana kallon bango, kamar yadda ya kamata tsakanin surukai. A daminar da ake magana, Hajaratu na ɗauke da cikin fari, ya tsufa, ana shirin ta dawo gida haihuwa.

A shekarar ce malamin gona ya zo a kan babur da takin zamani da wani sabon irin masara. Irin ja ne jawur, ba don haka Allah ya halicce shi ba, sai don an turbuɗe shi da garin magani saboda ƙwari da ɓeraye. Malamin ya tara magidanta a ƙofar mai unguwa ya ja musu kunne: wannan na shuka ne, ba na ci ba, kada mutum ya ci, kada a ba dabba, wanda ya taɓa ya wanke hannu. Rabo ya karɓa ya shuka, ya yi ragowar da ta kusa cika ƙwarya. Da yake mutum ne mai jin magana, ya miƙa wa Mero ya ce ta juye a masai.

A bakin masan Goggo ta tare ta. Hatsi a masai? Ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin saɓo irin wannan ba. Ba a daɗe da fita farin da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya ba, yau har an ƙoshi za a zuba masara a ƙazanta? Mero ta ce ita dai umarni aka ba ta, kuma an ce guba ce. Goggo ta fizge ƙwaryar ta ce ta ji, ita za ta san yadda za ta yi da ita.

Abin da Mero ba ta sani ba, randar Goggo ta kusa kaiwa ƙasa. Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, ga injin niƙa da aka kafa a Ruwan Godiya ya rage mata gidajen aiki. A shekarar da 'yarta ke da ciki, a shekarar sadakarta za ta yanke? 

Ba wai ta raina maganar malamin gona ba ne. Ta ɗauke ta da muhimmanci, sai dai ta auna ta da ma'aunin da ta sani. Tun tana yarinya aka koya mata cewa duk abin da ƙazanta ta taɓa, idan aka wanke shi har launi ya tafi, wari ya tafi, ɗanɗano ya tafi, to ya tsarkaka. Da haka ake wanke tufafin salla, da haka ake wanke tabarmar da yaro ya ɓata. Ta kai masarar bayan gida ta yi ta cuɗawa da toka tana sake ruwa, har ruwan ya koma fari tas. Ta sansana, babu wari. Ta ɗora ƙwaya ɗaya a harshe, ba ta ji komai ba. Ta shanya a rana, ta yi wa Allah godiya da ya sa ta ceci abinci daga wulaƙanci.

Kwanakin farko kaɗan-kaɗan take haɗawa da tsakinta. Ba ta ga komai ba, don dokarta ce ba ta tsayawa kallo. Ranar da tsakin ya ƙare, ta juye sauran masarar duka, ta kai da sassafe, ta dawo gida ta kama surfen da aka aiko mata daga wani gida.

Rana ta take tsaka sai ga Rabo ya shigo daga noman firi, noman farko na damina, bakinsa har kunne, riƙe da kirinjijiya biyu yankakku. Ya ce yau Allah ya yi wa masu noman fadama gara. Tun da hantsi tsuntsayen tafki suka riƙa fitowa cikin gonaki suna tangaɗi kamar mashaya, su buɗe fiffike su kasa tashi, mutane na kamawa da hannu suna yankawa. Ya ce Goggo ta yi haƙuri, ba harbinsu aka yi ba, su suka kawo kansu.

Goggo na riƙe da taɓarya. Ta dakatar da surfen. Tana kallo Mero ta fige ɗaya, ta farke cikin, ta tsaga ƙundun. Ƙwayoyin masara suka zubo a kan faifai, manya-manya, irin da babu mai su a rumbu a wannan lokaci na shekara. Rabo ya ɗauki ɗaya ya juya ta. A ɗan lungun da ke gindin ƙwayar, inda toka ba ta kai ba, akwai ɗigon ja.

Ya dubi Mero, Mero ta dubi Goggo.

"Na wanke ta," in ji Goggo. Muryarta ta fito 'yar ƙarama, ba irin wadda aka sani ba. "Wallahi na wanke ta, Rabo, har ruwa ya hita hwari."

Rabo bai tsaya yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan tsoratar da ita. Ya fara lissafo gidajen da aka shiga da naman, yana neman takalminsa, yana ce wa Mero ta haƙa rami ta binne waɗannan, kada ko kare ya samu. Yana bakin ƙofa ya tsaya cak, ya juyo. Ya ce babbar dinyar da aka fara kamawa, wadda ta fi kowacce ƙiba, Mamuda ne ya same ta a gonarsa ta hayi. Tun da hantsi ya ɗaure ta a bayan keke ya tafi gida, yana cewa Hajaratu ta kwana biyu tana kwaɗayin nama.

Rabo na cewa bari ya sa a yi shela a gari sannan ya nemi aron keke, Goggo ta riga ta fice. Ko mayafi ba ta ɗauka ba. Hanyar keke zagaye ce. Ta ƙafa ta fadama ta fi kusa, ita ta bi.

Hanyar ta bakin tafkin ta ratsa, kuma da ta san abin da za ta gani da ta runtse ido. Kirinjijiya ne zube a cikin ciyawa, wasu sun sandare, wasu na juyi a wuri ɗaya, wuya a murɗe, ƙafa na shure-shure. Wata dinya na kwance rabi a ruwa, tana buga fiffike ɗaya, bakinta na buɗewa yana rufewa babu sauti. Shirwa sun cika sama. Tsuntsayen da shekara da shekaru ba su yarda ta gan su a kusa ba, yau ga su a gabanta har tana tsallake su. Kuma duk wadda ta kalla tana shure-shuren nan, Hajaratu take gani. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ranakun da take binne jarirai, don waɗancan Allah ne ya karɓa, wannan kuwa da hannunta ta cuɗa, ta shanya, ta kawo.

Ta shiga fadama, laka na kama ta har gwiwa. Takalmi ɗaya ya maƙale ta bar shi, can gaba ta yar da ɗayan. Tana tafe tana salati, salatin na katsewa, tana lissafi a zuci. Dinya tsohuwar tsuntsuwa ce, namanta tauri, ba ya dahuwa da wuri. Wataƙila har yanzu tukunya na kan wuta. Amma kayan ciki fa? Su ake fara gasawa tun kafin nama ya nuna, kuma a cikinsu masarar take.

A nan ne wani tunani ya zo mata, ta kama shi hannu biyu. Ƙundu na maigida ne. Kowa ya san haka. Daga Faskari har Sabuwa babu matar da za a yanka tsuntsu a gidanta ta kai ƙundu bakinta; ita da kanta ta koya wa Hajaratu, ta ce ko mijinki ya yi tafiya ki ajiye masa. Ƙundu da hanta, akushin Mamuda za su. Ta ji numfashinta ya ɗan sauka. Sai da ta yi 'yar tafiya sannan ta gane abin da take yi: murna take ɗan mutane ne zai ci gubar, yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Ta nemi gafarar Allah. Amma ƙarya ne a ce ta saki tunanin. Da shi ta ƙarasa hayi, don in ta sake shi ƙafafunta ba za su ɗauke ta ba.

Ba ta taɓa shiga gidan surukinta ba sai an yi mata iso. Ranar ko sallama ba ta yi ba. Ta tarar da Hajaratu zaune a kan turmi a gindin murhu, ciki ya yi gaba, tana fifita wuta tana 'yar waƙa. Mamuda na gefe yana goge kekensa. Da ya ga surukarsa a tsakar gida, kai babu ɗankwali, laka har cinya, ya zube ƙasa yana gaisuwa. Ba ta bi ta kansa ba. Ta sa ƙafa ta ture tukunyar, romo ya kashe wutar, hayaƙi ya turnuƙe.

Ta ce kada wanda ya ci, guba ce a jikin tsuntsuwar. Hajaratu ta ce ai bai ma nuna ba, babu wanda ya ci. Goggo ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Sannan ta juya, a karo na farko a rayuwarta ta dubi Mamuda ido cikin ido, ta tambaye shi ko ya ci ƙundun, don in ya ci ya yi maza ya amayar.

Mamuda ya sunkuyar da kai, yana murmushin kunya irin na wanda aka kama yana abin da maza za su yi masa dariya.

"Inna, ban ci ba. Ita na gasa mawa, da hantar duka. Ta ƙi, ni na matsa mata. Na ga ita ad da lalura."

Goggo ta zauna a ƙasa daɓas.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne lafiyar da Hajaratu ke ciki. Ga ta nan garau, tana ma dariya, tana cewa Inna ta cika ɗaga hankali, tun ɗazu ta ci ba ta ji komai ba. Goggo ta dama ruwan gishiri ta ɗura mata, ta sa ta zura yatsa a maƙogwaro. Ɗan abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Matan unguwa suka taru, wannan ta ce madara, waccan ta ce man ja, wata ta ce tunda an yi bisimilla wajen yanka ai babu abin da zai faru. Goggo ba ta jin su. Idonta na kan 'yarta: yadda take ƙifta ido, yadda take haɗiye yawu, yadda take ɗaga hannu. Aka yi azahar lafiya. Har Mamuda ya fara cewa wataƙila Allah ya tsare.

Wajen la'asar Hajaratu ta ce kanta na sarawa. Can ta ce hasken rana ya yi mata yawa. Goggo ta ga gefen bakinta yana rawa shi kaɗai, ta gane, don ɗazu ta ga irinsa a bakin tafki. Kafin ta kai gare ta, yarinyar ta sulale daga kan tabarma, jiki ya sandare, idanu suka juye, ƙafafu na dukan ƙasa. Goggo ta rungume cikin ta baya don kada ya bugu, tana kiran sunanta, tana roƙon Allah da bakin da ba ya haɗa kalma biyu daidai. Ta ce ya ɗauke ta ita, ita ce ta wanke masarar, yarinyar nan ba ta san komai ba.

Mamuda ya hau keken nan ya fita sabuwar hanya, ya tsaya a tsakiyarta ya buɗe hannuwa. Wata tifa da ta sauke marmara za ta koma ta tsaya don dole. Direban ya sauko da zagi a bakinsa, da ya ji abin da ake ciki ya haɗiye. A bayan tifar aka shimfiɗa Hajaratu, a kan ragowar jar ƙasa, kanta a cinyar uwarta. Hanya ba kwalta, motar na tsalle, jijjigar na tafiya tana dawowa. Duk lokacin da ta lafa, Goggo sai ta ɗora tafin hannu a kan cikin tana saurare. Da suka tashi, ana motsi a ciki, motsi mai ƙarfi kamar ana neman hanyar fita. Da suka yi nisa ya ragu. Kafin su ga rufin kwanon Funtuwa, ta yi ta matsar da hannun daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta gaya wa Mamuda abin da take nema ba.

A asibiti aka karɓe ta da gaggawa, aka yi mata allurai, jijjigar ta tsaya. Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Goggo na zaune a dandamalin waje, ba ci ba sha, duk ma'aikaciyar da ta fito sai ta miƙe tana kallon bakinta. Rabo ya iso ya ce an yi sa'a a gari, shela ta riga yawancin tukwane, waɗanda suka ɗan taɓa naman sun yi amai da ciwon kai sun warware. Ya ce shi da samari sun kwashe matattun tsuntsayen sun binne, sun kankare bakin ruwan. Ta gyaɗa kai kawai.

Hajaratu ta farfaɗo. Bayan kwana kaɗan naƙuda ta zo, aka haifi ɗa namiji, cikakke, babu rai. Ba a nuna wa uwar ba. Goggo aka miƙa wa shi a cikin zane, ita ta riƙe shi har aka zo aka karɓa.

Babu wanda ya kai ta ƙara, babu wanda ya zage ta, kuma da an zage ta da ta fi samun sauƙi. Mutane suka ce ƙaddara. Mamuda ya ce laifinsa ne, shi da ya karya al'ada ya ba mace ƙundu, ya daɗe ba ya iya cin naman tsuntsu. Malamin gona da ya ji labari ya dawo ya sake tara mutane, wannan karon har da mata a bayan zana, ya bayyana cewa maganin shiga cikin ƙwayar yake yi, ko an kwana ana wanki ba ya fita. Goggo na cikin masu saurare, ba ta ɗaga kai ba.

An zaci ta bar tafki ke nan. Daminar da ta biyo baya tsuntsayen suka dawo, 'yan kaɗan, ita ma ta koma, don tsoron dainawa ya fi mata tsoron ci gaba. Sai dai ta ƙara dokoki biyu a kan na da. Ba ta karɓar tsaki sai na hatsin da ta ga an yanko daga gona da idonta, kuma duk wanda za ta kai, sai ta dafa ɗan kaɗan ta ci tukuna, ta wuni da shi a cikinta, washegari ta kai. Saurin bakin nan ya tafi. Idan Hajaratu ta yi ko tari ne, sai ka ga tsohuwar ta bi ta da ido. Hajaratu ta daɗe ba ta sake samun ciki ba, kuma da ta samu, Goggo ta riga ta kwanta dama.

Mero ce ta fi ba da labarinta bayan rasuwarta, kuma akwai wata safiya da ba ta tsallakewa. Bayan an sallamo su daga asibiti, gidan Rabo aka kawo Hajaratu, don ko babu jariri jikin mai haihuwa sai an gasa shi. Goggo ce ke yi mata wankan jego. Mero na miƙa ruwa daga bakin zana, tana jin komai. Tsohuwar na tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa tana fyaɗa wa 'yarta a baya, nono na zuba shi kaɗai yana bin cikin da ya saki, babu mai sha. Tun da abin ya faru Hajaratu ba ta ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Ranar, tana duƙe, ta juya wa uwarta baya, ta yi tambaya a hankali.

"Inna, ke kika riƙe shi. Da wa ya yi kama?"

Ganyen ya tsaya a sama, ruwa na ɗiga. Mero ta san amsar, don tana wurin lokacin da aka buɗe fuskar yaron kafin a tafi da shi. Goshin Goggo ne da shi, da 'yar haɓarta mai tsini. Duk wanda ya gani sai da ya kawar da kai.

"Da ubanshi," in ji Goggo.

Hajaratu ta gyaɗa kai. Goggo ta mayar da ganyen cikin tukunya, ta ce wa Mero ruwan ya huce, ta ƙaro mai zafi.